Tayoyin da ka sa wa a-kori-kura

Baban yara,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba don bakina ba zai faɗi alheri ba.

Ƙattin tayoyin nan masu haƙora da ka sa wa a-kori-kurarmu jiya, yau na ga amfaninsu. Sitiyari ya yi nauyi kamar ina juya dutsen niƙa. A kwanar asibiti na taka birki, motar ta yi kamar ba da ita nake ba, ta karkata, kiret-kiret ɗin ƙwai suka kife. Man da kullum yake kai ni kasuwa ya dawo da ni, tun kafin gada ya ƙare, sai turo motar aka yi har gida.

Ka ce don hanyar daji ka saye su. Wane daji? Daga ƙofarmu har kasuwa kwalta ce.

Na tafi ba masu shagunan da ke jiran ƙwan haƙuri, a ƙafa. Kafin in dawo ka kai motar wurin mai faci ya mayar da tsofaffin tayoyin, suna bayan kejin kaji.

Abincinka yana cikin kula. Ƙwan da suka fashe ne. Gobe ma su ne.

Maman yara