Zanen Kawu a Hannun Mai Ƙosai

Yaya Saude,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya maigidan da yara? Mu nan Tasawa lafiya lau, sai ɓacin rai.

Kawu ya ƙarar da idonsa wajen zane, rubuta littattafan yara da sayar da hotuna a kasuwa, amma ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba, 'ya'yansa suka kwashe takardunsa suka ba mai ƙosai. Jiya na sayi ƙosai, aka naɗe mini a zanen Innarmu tana daka, mai ya jiƙe mata fuska! Da na tunkari babban ɗansa, wai, "Haba, takarda ce fa!"

Na shanya zanen, na ajiye miki. Ki sa Kawu a addu'a, ki gaida kowa. Su kuwa, kada ki aiko ni da gaisuwarsu.

Ƙanwarki,
Hadiza