Koci Ya Daina Yi Mana Tsawa

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Montana. Ya ƙafarki? Ya Kawu Alcide da su Odette? Ni lafiya lau, gwiwar ma da sauƙi, in dai ban hau matakala ba.

Kowa cewa yake mu za mu ɗauko kofin ƙwallon jami'o'in nan da za mu buga a Texas. To amma Mama, Koci Hargrove ya daina yi mana tsawa. Mutumin da ke zagi kan igiyar takalmi, jiya ƙwallo ta suɓuce mini sau biyu a atisaye, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komai, ɗana." Abokin ɗakina Dontrell ya ce, "Kai dai wawa ne, wannan wata jami'ar ta ɗauke shi."

Koci dai ya rantse mana yana nan daram. Amma shi da ya hana ni wasa don kar gwiwar ta lalace, yanzu so yake a yi mini allurar kashe zafi in shiga fili. A da yana tanadina ne don baɗi. Ko baɗin ba da shi za a yi ba?

Ban ba shi amsa ba. Ki sa ni a addu'a ranar Lahadi.

Koci zai kira ki kan maganar allurar, don tun ranar da ya sha miyarki kwano biyu ya gane ba na tsallake maganarki. Kar ki tambaye shi gwiwata. Ki ce ya ba ki adireshin da za ki aika masa alewar bikin Ista, wanda sai bayan an gama kakar wasa zai zo, sannan ki saurari tsawon shirunsa.

Ɗanki,
Cedric