Kunnen Aro

Litinin, 6 ga Yuni, 1988
Ruwa tun asuba. Rumfa na yoyo daidai kan teburin aiki. Na wanke kafireta biyu na mayar. Ndaceko tela, maƙwabcin rumfata, ya leƙo da tsohon zancensa: "Bakatsine bawana, yau ma za ka fasa mana kai?" Tun da na sauka Tudun Fulani ban taɓa amsa masa wasan Katsinawa da Nufawa ba. Wasa sai wanda yake gida. Ni aiki ya kawo ni Minna.

Alhamis, 9 ga Yuni
Ƙarar cikin kunnen nan ta ƙi dainawa, kamar gyare ya shiga ya yi ɗaki. Na hagu ya tafi tun bara, yanzu na dama ya fara bin sa. Ban gaya wa kowa ba. Injin yankan katako da kunne ake saita shi: ka yi ta murɗa ƙusar kafireta kaɗan-kaɗan har kukan ya sauko daga kururuwa ya koma gurnani. Ba ma'auni, ba komai. Kurma ba ya wannan sana'a.

Asabar, 11 ga Yuni
Jonah ya zo daga Beji da injinsa. An ba shi itacen maɗaci ya tsaga katakon rufin cocinsu, kafin damina ta cinye bangon ƙasa. Na saita, na ce ya yi. Gaskiya ban ji sosai ba, hannu ne ya tsaya inda ya ga dama. Yana fita na ga bakin Ndaceko na motsi daga kan keken ɗinkinsa. Na ɗauka "bawana" ɗin ne. Na juya baya.

Talata, 14 ga Yuni
Injin Jonah ya buga. Fistin ya ƙone ƙurmus. Mai ya yi masa kaɗan, iska ta yi yawa. Saitina ne.

Jonah ya ce, "Baba Haladu, ko haɗin man nawa ne bai yi ba?" Da na ce e, da ya yarda, ya tafi yana zargin kansa. Na ce masa a'a, daga wurina ne. Ban ce kunne ba.

Na ɗaga kai na dubi bango. Tsofaffin injinana suna rataye, waɗanda na tsinto a bola bayan share dajin Shiroro, da waɗanda masu su suka gaji suka bar mini. Kowanne na tada shi da hannuna. Babbar cikinsu ita nake kira Gwaggo: ja, nauyi kamar ɗan maraƙi, ta girmi Jonah. Ita nake cewa da ita zan koma gida. Gida! A Mashi me za ta yanka, aduwa?

Na ce ya dawo Asabar ya ɗauke ta. Ta daɗe ba ta tashi ba, sai an saita. Da wane kunne?

Juma'a, 17 ga Yuni
Asibiti. Likita ya leƙa, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, in nisanci ƙara. Na yi masa godiya.

Da yamma direban motar albasa ya kawo saƙon ƙanena: in zo Babbar Sallah in zauna gaba ɗaya, ya gyara mini ɗakin kusa da zaure. Wato a riƙa miƙo mini tuwo, 'ya'yansa na yi mini magana da hannu. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Idan na ƙona Gwaggo gobe, na rufe rumfa na tafi. Ba zan ci gaba da kashe wa mutane inji ba.

Asabar, 18 ga Yuni
Na riga Jonah isowa. A jan igiya na uku Gwaggo ta tashi, teburi na rawa. Na sa sukundireba. Ina jin ta a ƙashin hannu, amma a kunne duk ɗaya ne, kamar ana daka a wata unguwa. Na murɗa, na tsaya, na sake. Zufa kawai.

Sai ga Ndaceko a kaina, abin awo a wuya. Ya zagayo ta damata. Ta dama, ba ta hagu ba. Ashe ya sani.

"Ba haka inji yake kuka ba. Irin na Jonah ke nan. Na gaya maka ranar, ka ba ni ƙeya."

Na ce me tela ya sani a inji.

"Ban san komai ba. Amma tun gemuna na baƙi nake ɗinki cikin haukan nan naka. In ka saita daidai, haƙorina na daina zugi. Murɗa, in ya yi zan ɗaga hannu."

Na so in kore shi. Na murɗa. Na wuce inda ni zan tsaya, bai motsa ba, idonsa a rufe kamar mai sauraron wa'azi. Na ƙara kaɗan. Ya ɗaga.

Na tsaga guntun kirya da ita, na kwance fulogi. Launin ƙuli-ƙuli, ba fari ba, ba baƙi ba. Daidai.

Ban ce na gode ba. Ya koma kekensa.

Laraba, 22 ga Yuni
Gajiya. Ba abin rubutawa.

Talata, 28 ga Yuni
Inji uku a makon nan. Ndaceko ba ya zuwa rumfata idan da mutane. Daga wurinsa yake ɗaga almakashi sama kamar yana duba kaifi, ni kuma in zare sukundireba. Ba wanda ya lura. Wani mai inji har cewa ya yi kunnen Baba Haladu sai shi.

Abin na cina. Duk shekarun nan, a ce sana'ata na hannun mai ɗinka wando. Amma bai faɗa wa kowa ba. Wannan alherin nasa dole in rubuta shi.

Litinin, 4 ga Yuli
Jonah ya maido Gwaggo a wanke, da doya daga matarsa Magdalina. An rufa coci. Na ce ya riƙe ta har in samo fistin. Rabin doyar na aika gidan tela. Doya ta yi mini yawa ne.

Laraba, 20 ga Yuli
Direban albasa ya tsaya, ya ce akwai wuri a gaba. Na ce aiki ya riƙe ni, sai wani jiƙon.

Talata, 26 ga Yuli
Sallah ta wuce. A gidan Ndaceko na ci nama, yajinsu ba daɗi.

Na ja teburi zuwa gefen rumfarsa. Saboda yoyon nan.

Da safe ya leƙo: "Bakatsine bawana, yau me za mu saita?" Na ce, "Banufe, bawa ba ya tambaya. Zauna ka kasa kunne." Na ga yana dariya har hula ta faɗi. Ban ji ta ba, amma na gani.