Tsakanin Bargo da Firij

Assalamu alaikum, Inna Mujahida. Don girman Allah ki taimake ni, kuma kafin Juma'a, don na kai inda in na yi shiru za a yi ɓarna, in na yi magana kuma gida ya rikice. Na san masu rubuto miki kukan aure suke kawowa, ko na iƙama, wato takardar izinin zama, ko na 'ya'yan da suka ƙi jin Hausa. Ni kukan kunkuru na kawo. Ki yi dariyarki ki gama, ni ma da wata ce ta ba ni labarin sai na dara, amma wallahi abin ya hana ni sakat.

Kunkurun na surukata ne, Hajiya Ɗaso, mahaifiyar maigidana. Wani ƙanen marigayi mijinta ne ya zo mata da shi daga Damagaram a cikin gwangwanin madara, shekara ashirin da wani abu ke nan, lokacin bai cika tafin hannu ba. Ta raɗa masa suna Ɗan'auta. Maigidana, Abu Manar, shi ne autanta na gaske, kuma har gobe in aka kira sunan nan sai ka ga ya ɗan tsuke fuska. Yanzu Ɗan'auta ya kai faɗin farantin shinkafar kabsa na biki, sai ƙarti biyu ke iya ɗaga shi, kuma yana tafiya kamar shi ya gina gidan.

Da a can bayan unguwar Rusaifa muke, nan Makka, a tsohon gida mai tsakar gida ta ƙasa. Ɗan'auta ya haƙa wa kansa rami a gindin magarya. In zafi ya yi ya shige, in sanyi ya yi ya shige, in rana ta yi daɗi ya fito ya cinye mana duk abin da muka shuka. Ba mu taɓa sanin kunkuru yana da wata matsala da sanyi ba, shi yake kula da kansa. To, bara rusau ya zo ta kanmu, unguwar ta tafi gaba ɗaya. Muka dawo Shisha, muka kama shagga, wato sashen haya, a hawa na huɗu na wata imara, dogon bene. Mai imarar mutumin kirki ne, ya yarda a ajiye Ɗan'auta a suɗuhi, can saman rufin inda muke shanya. Sai dai suɗuhi tayil ne ko'ina, babu ƙasa ko ta cika cokali. Da zafi ya lallaɓa a inuwar tankin ruwa har muka ga bayan zafin. Yanzu sanyi ya shigo.

Na san 'yan uwa na Kano da Zinder za su ce wane sanyi ake yi a Makka. Su faɗi abin da suke so, mu dai mun fito da rigunan sanyinmu. Kuma wanda bai taka tayil ɗin suɗuhi da safe ba takalmi ba, bai san abin da nake nufi ba. Ga iska da ke kaɗowa daga tsakanin duwatsu, ga ruwan sama da aka yi kwanan nan. Ɗan'auta ya koma lungu ɗaya ya lafe. Ganyen da yake wawura da, yanzu sai ya kalle shi ya kau da kai. Idanunsa a lumshe, kuma na lura wata 'yar kumfa tana fitowa daga hancinsa.

Nan gidan ya rabu biyu.

Hajiya ta ce mura ce, kuma ta san maganin mura tun kafin a haife mu. Abu Manar yakan yi aikin jagorar alhazai a Mina lokacin Hajji, duk shekara kuma sai ya dawo da bargunan da suka bari. Hajiya ta zaɓi mafi kauri, mai hoton damisa, ta naɗe Ɗan'auta ciki, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Dare da rana a naɗe yake, ko rana ta fito ba a kwance shi, wai kar iska ta shige shi. Bayan sallar asuba takan ɗan buɗe ta zuba masa ruwan Zamzam a baya don neman waraka, ta mayar da bargon a kan jiƙar. Ta ajiye masa kaskon gawayi da turare a gefe. Abincinsa kuwa gurasar tamis ce da aka jiƙa da shayin madara, irin wadda take ba mu in muna zazzaɓi. Ran nan na hau shanya na ji ƙauri, ashe gefen bargon ne ya taɓa kasko, wutsiyar damisar ta ƙone ƙurmus. Allah ne ya kai ni.

Shi kuma Abu Manar ya ce duk wannan aikin mutanen da ne. Ya kalli bidiyo a waya, ya ga Turawa suna saka kunkurunsu a akwati su tura cikin firij, ya yi barcinsa har sanyi ya wuce, ya tashi garau. Ya ce ƙin cin abincin ma alama ce Ɗan'auta barcin yake nema muna hana shi. Yana da 'yar bagala a ƙasan imararmu, inda yake sayar da kayan masarufi, kuma akwai tsohon firij na lemo da ya daina amfani da shi. Ya wanke shi tas, ya cire kantocin ciki, har da zuwa da tef ya auna Ɗan'auta tsawo da faɗi kamar zai ɗinka masa jallabiya. Ya shirya da mai gadin imara, ranar Juma'a in Hajiya ta tafi cin abincin rana gidan 'yarta Dalal, za su sauko da shi su saka. Ni kuma aikina in yi shiru, in ta dawo in taya shi lallashinta.

Inna, ba kunkurun kaɗai nake ji ba. Hajiya ta rasa mijinta, ta rasa gidan da ta yi shekaru arba'in a ciki, maƙwabtanta sun watse, wasu Jidda, wasu an mayar da su gida. Jikokinta in ta yi musu Hausa da Larabci suke amsa mata, su ma a tsaye, suna sauri. Lif ɗinmu ba ya kaiwa suɗuhi, amma kullum sai ta ja gwiwoyinta ta hau matakalar nan, ta zauna a kan bokiti tana ba Ɗan'auta labari da Hausar Damagaram. Tun da ya daina ci, ita ma sai ta taɓa abinci ta ture. Ina son matar nan, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina tsoron in wani abu ya sami dabbar nan, ba za ta ƙara samun dalilin tashi daga gado ba.

Na yi tunanin in shigo da shi cikin shagga, amma yana ture kujeru kamar tarakta, kuma Abu Manar ko a wannan sanyin sai da na'urar sanyaya ɗaki yake barci. To wa ke da gaskiya, mai bargo ko mai firij? In faɗa wa Hajiya abin da ake ƙullawa, ko in rufa wa mijina asiri? Ki ba ni shawara, Allah ya saka miki da alheri.

Taki, Surukar Uwar Kunkuru, Shisha, Makka.

*

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi dariyar, musamman a kan wutsiyar damisa. Na gama. Yanzu abu na farko, Ɗan'auta ba zai shiga firij ɗin nan ba, ba ranar Juma'a ba, ba kowace rana ba.

Ni ba masaniyar kunkuru ba ce, don haka na nemi wata likitar dabbobi na karanta mata wasiƙarki. Ga abin da na fahimta. Abu Manar bai yi ƙarya ba, akwai kunkurun da ke barcin sanyi, amma na ƙasashen ƙanƙara ne, jikinsu an halicce shi a kan haka. Naku ɗan Damagaram ne, irin manyan nan na bakin hamada, kuma su ba sa wannan barcin ko kaɗan. In aka saka shi a firij ba barci zai yi ba, mutuwa zai yi a hankali. Mijinki ya yi niyyar alheri, ya dai kalli bidiyon wani kunkurun ne daban.

Hajiya ta fi shi kusa da gaskiya, domin ta gane ɗumi ake nema, kuma ta gane mura ce. Inda ta kauce shi ne ta ɗauke shi kamar jariri. Bargo yana ɗumama mu ne saboda jikinmu yana fitar da zafi, shi kuma ya riƙe mana. Kunkuru ba shi da zafin kansa, daga rana yake ara. In kin naɗe shi a bargo, kin yi abin da muke yi wa ƙanƙara ke nan in za mu tafi Arfa da ita, kin adana sanyin kin kuma tare ranar. Ga jiƙa a ciki, ga tayil a ƙasa. Ramin da ya haƙa a Rusaifa shi ne bargonsa na gaskiya, kuma shi ne abin da ya rasa.

Kumfar hancin nan ba abin wasa ba ce, tana iya zama ciwon ƙirji. Ƙartin da aka tanada don ɗaukarsa zuwa firij, su ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, yau ko gobe, kar a jira Juma'a. Ba zan yi miki alkawarin zai warke ba, amma irinsu suna da taurin rai, kuma in an kama abin da wuri yawanci sukan tashi.

Sai a yi masa madadin raminsa. Kafinta ya haɗa ɗan ɗaki na katako mai kauri, wanda zai iya juyawa a ciki, da daɓen katako a ɗage kaɗan daga tayil, da rufin da ruwa ba ya ratsawa. A jingina shi inda bango ke tare iska, ƙofar tana kallon gabas, a rataya mata labulen roba mai kauri da zai iya turewa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa canza ta in ta jiƙe. A sama, inda ba zai kai ba kuma nesa da ciyawar, mai gyaran wuta ya kafa fitilar ɗumi irin ta masu kiwon kaji, ya ɓoye wayar sosai, don kin san halin mutuminku da ture-ture. Ku rataya ma'aunin zafi a ciki, kar ya sauka ƙasa da digiri ashirin da biyu ko da sanyin safiya. Da hantsi a bar shi ya fito ya sha rana iya son ransa, da yamma a tabbata ya koma ciki. Kaskon gawayi ya sauko ƙasa, ya koma aikinsa na turaren ɗaki. Tamis da shayin madara kuwa ku ci abinku. Shi ciyawa ce abincinsa, da ɗan ganye irin su jarjir da yakuwa. Nan gaba, in hali ya yi, a zuba masa ƙasa mai ɗan zurfi a wani ɓangare na suɗuhin, da izinin mai gida, ya samu abin tonawa.

Game da asirin, kar ki kai ƙarar ɗa wurin uwarsa, kuma kar ki taya shi yaudararta. Ki samu Abu Manar shi kaɗai ki nuna masa wannan amsa. Tef ɗin da ya auna Ɗan'auta da shi bai yi asara ba, awon nan shi kafinta yake buƙata. Ki bar shi ya zama shi ne ya gina wa ƙanensa ɗaki, ya kai wa Hajiya labarin da bakinsa. Maganar firij ta mutu a tsakaninku, ba sai ta ji ba.

Ita kuma Hajiya, kar ku ƙwace mata jinyar, ku canza mata ita kawai. Zamzam ɗinta yana nan, sai dai maimakon a zuba masa a baya da asuba, a ɗan ɗumama shi, a zuba a faranti mai faɗi da hantsi, ya sha, ya tsoma ƙafafunsa, a goge shi ya bushe kafin ya shiga ɗaki. Hakan zai sa ita ma ta daina hawa cikin sanyin asuba. A kai mata kujera mai majingini a jefar da bokitin nan. Bargon damisa a wanke shi a shanya, a rufa mata a gwiwa, don ita jikinta ya san amfaninsa.

Abu na ƙarshe naki ne, 'yata. Ki riƙa haɗa karin kumallo ki hau da shi, naki da nata, ku ci a can cikin rana. Tsohuwar da ke ture abinci ita kaɗai ba ta cika ture shi ba in akwai hannu na biyu a kwanon. Ɗan'auta ya shekara ashirin yana sauraron Hausar Hajiya, amma bai taɓa amsa mata ba. Ke za ki iya.

Allah ya ba Ɗan'auta lafiya, ya ƙara wa Hajiya tsawon rai da ƙarfin gwiwa, ya bar ku tare. A gaida Abu Manar, a ce masa ya mayar da lemo cikin firij ɗinsa.

Taku, Inna Mujahida.