Rumfar Kwano a Kan Bututu

Anguwan Rogo, Jos.

Zuwa ga matata Maimunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Ummi. Yaya jego, yaya su Inna? Rubutowa na yi, don a waya muryata za ta tona ni.

Kin san bututan da ke huce man gyaɗa a kamfaninmu. Bara aka cire musu fanka saboda cin wuta, aka bar wa iskar Jos aikin: mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta kwashi zafi ta fice ta sama. To, ƙanƙarar makon jiya ta lotsa wasu, sai Oga Hyginus ya sa aka kafa musu rumfar kwano dab da kansu, aka zagaye da tamfol. A ganinsa gata ya yi musu. Yanzu zafin ba shi da mafita, allurar ma'aunin zafi kullum sai hawa take. Na yi magana, ya ce a jira injiniya.

Ni kuwa a gindinsu nake wuni. Wallahi tsoro nake ji, Maimunatu. Ko kwano ya motsa sai gabana ya faɗi. Kada ki gaya wa Inna.

Naki,
Lukuman.

Zuwa ga Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Ummi da mutanen gida. Kada rubutun ya firgita ki, abokin aikina Gyang ne ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ranar Talata da azahar allurar ta shiga ja, mai ya soma tsartuwa daga mahaɗar bututu, ga mata suna cika jarkoki a bayan tamfol. Abin da na yi ba jarumta ba ce. Na yage tamfol, na hau na ɓamɓare kwanon, ban ma tuna da safar hannu ba. Iska ta samu hanya, allura ta sauko, kowa ya tsira. Oga da kansa ya kai ni asibiti, yana ta ba ni haƙuri.

Tafukan hannuna ne suka ƙone. Likita ya ce yatsun za su iya miƙewa, amma bai kalle ni ba da yake faɗa. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Idan kun yi arba'in kun dawo, ke za ki ɗora mini Ummi a cinya, ki kuma riƙe ta kada ta zame.

Mijinki,
Lukuman.