Layar da Ke Aljihun Saja Bolek

Filin jirgi, Ingila
Alhamis, 21 ga Satumba, 1944

Zuwa ga Panna Zulejka, budurwar ɗakin naɗin laimar dirowa daga jirgi,

Daga ni, Manjo Ignacy Rudomina, mai tauraro a kafaɗa, mai dawaki bakwai a Poland kafin yaƙi, wanda in ya yi tari soja ɗari biyar ke ƙamewa.

Ya farar shamuwa mai dawowa kan rufin gida in sanyi ya karye! Ya zumar tsakiyar bazara, ya tuffar da ta nuna a reshen da hannu ba ya kaiwa! Ya mai yatsun da suka fi silikin da suke naɗewa laushi, mai idon da ya fi kogin Swislocz sanyi ranar girbi! Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishi ga rijiya.

Kada ki firgita don babba irina ya rubuto miki. Ƙarƙashin taurarin nan akwai ƙirji, cikin ƙirjin akwai zuciya, ita kuwa zuciyar yau kwana uku tana tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan murhu.

Kwana biyu ke nan muna zube a kan ciyawa ƙarƙashin fikafikan jirage, muna jiran hazon Ingila ya ga dama ya ɗaga. Kin san tarihinmu, don ke ma da ƙafarki kika fito daga Sibiriya. Shekara uku muna lilo a Kurmin Birai, filin atisayenmu na Scotland, muna dirowa daga hasumiya kamar buhunan dankali, ana ce mana ta sama za a mai da mu gida, ta hanya mafi gajarta. Warsaw ta yi wa 'yan mamaya bore, ta kama da wuta, muka ƙi cin abinci don a kai mu, ba a kai mu ba. Yanzu wata ƙasa za a zubar da mu, mai ruwa da gadoji, wadda ba a yarda in ambaci sunanta ba. Duk wannan na haɗiye, Zulejka. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi wucewa, Saja Bolek ne!

Da ma can kishi bai bar ni na huta ba. Wace irin sana'a ce wannan kika zaɓa? Ki shimfiɗa siliki a kan dogon tebur, ki shafa shi, ki tsefe igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya kamar gashin jariri, ki naɗe, ki sa hannu a katin da ke cikin ɗan aljihun jakar, sa'an nan wani ƙato da bai san darajarki ba ya goya a bayansa! Kowane gardi a rundunar nan yana iya faɗowa daga sama ya sauka a tafin hannunki. Wa zai jure wannan? Wace zuciya? Amma a cikinsu duka, me ya sa sai Bolek, mutumin da ke shafa wa gashin bakinsa man takalmi, wanda in ya ja akodiyan ɗinsa da sunan kiɗa karnukan garin Leven ke shiga ƙarƙashin gado? An kawo mini rahoto cewa a rawar yammacin wata Asabar sau uku kika ba shi hannu. Uku! Mai rahoton ya ƙirga, yana tsaye bayan tulun shayi, har ya ƙone yatsa bai sani ba.

Mai rahoton nan wani ɗan iskan Tatar ne, cikin Musulmin Poland, Bekir, ɗan ƙauyenku Kruszyniany. Kin san shi: shi ne ya ɗinke ƙafafun wandon mai busa ƙaho ranar fareti, shi ne ya sa kwaɗo a hular limamin coci. Yaro ne marar kunya, amma gaskiya kyakkyawa ne, ga tsayi, ga haƙora. Shi ya ba ni labarin wata Lahadi a bakin tekun Leven. Ya ce kin zo da kolduny, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, a cikin gwangwani, kin naɗe shi da gyalenki don kada ya huce, kin cusa naman rago da albasa daidai yadda ake yi a gida. Kuka zauna a kan dutse, iska tana wasa da gashinki, kuna tuna koren masallacin katako da yadda ake raba sadaka a bakin maƙabarta, ku biyu rak a cikin mutum dubu biyu da kuka san ƙamshin wurin. Kika ce masa, "Kai Bekir, in ban da tsokana, akwai abin da Molla limaminmu ya cusa maka a kai?" Ya ce ya sauke, har an yi walima. Kika ce, "To rubuta mini laya irin ta kakanninmu, ta tsari." Kakanninku nake nufi.

Kin san abin da yaron nan ya yi? Mutumin da ba ya iya zama minti biyar bai jawo magana ba, ya yi alwala, ya sami takarda marar nauyi, ya fere alƙalami, ya kwana uku a kanta. Sau huɗu yana yagewa don wani harafi ya karkace. Ya naɗe ta ƙanƙanuwa kamar ƙwayar wake, ya sa miki a hannu, yana zaton a wuyanki za ta zauna, kusa da inda numfashinki ke fita.

To yau da hantsi, ya hasken idona, ya wuƙar da ke yanka tana murmushi, Bolek ya zaro katin laimarsa don ya ga wadda ta naɗe. Ga sa hannunki. Bayan katin kuma sai ga layar ta faɗo kan ciyawa! Ya warware ta, ya miƙe tsaye yana ɗaga ta sama: "Jama'a, ku zo ku gani! Zulejka ta rubuto mini wasiƙa da rubutun kaji! Ina ɗan Tatar ɗin nan? Zo nan, malamin tsibbu, karanta wa yayanka!" Aka kewaye. Aka miƙa wa Bekir rubutun hannunsa. Ƙasa ba ta tsage ba, Zulejka, ya roƙe ta, ta ƙi. Ya dubi takardar, ba ya iya wasa da abin da ke ciki, sai ya ninke ta ya ce, "Saja, a gefe ta ƙara da cewa mai wannan gashin baki a kan kashin shanu zai sauka." Aka fashe da dariya. Bolek ya ce, "Ƙarya kake, ɗan baƙin ciki, fuskarka ta nuna! In na dawo, da fure zan je ɗakin naɗi." Ya fizge, ya jefa a aljihun ƙirji, ya ɓalla maɓalli, ya daddaɓa wurin.

A ƙirjinsa! Rubutun kwana uku a kan ƙirjin Bolek, kusa da gwangwanin man takalmi!

Sai dai rahoton bai ƙare ba, kuma nan ne alƙalami ya fara yi mini nauyi. Ranar Litinin da aka raba laima, ke ce a bakin teburin. Da layi ya zo kan Bekir, kika sunkuya, kika jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur, ba daga tarin ba, kika tura masa ba ki ko ɗaga ido ba, ba ki ce uffan ba. Da ya zo kan Bolek kuwa, sai dariya, sai "Allah ya kiyaye, Saja," sai gyara masa maɗauri. Me mai kishi zai gani a nan? Ya ga an jefa masa saura, an ba wani ta hannun dama. Ana cin abincin rana ya lallaɓa, ya goge sunayen da aka rubuta da alli, ya musanya jakunkunan. Ya koma yana murmushi, wai ya ƙwace abin da kika tanadar wa Bolek.

Ɗazu na buɗe katin tawa. Ta Bekir nake nufi. Kai, na gaji! Na buɗe katin tawa, Zulejka, na ga sunan Pani Stasia, abokiyar aikinki mai shekara hamsin, mai shan taba da lofe. A hannunta zan sauka. Bolek kuwa a naki.

Ashe shirun nan nawa ne? Ashe sunkuyar da kan nan tawa ce, dariyar kuwa ta kowa da kowa? Ashe laimar da kika ɓoye ƙarƙashin tebur, da layar a cikinta, ni kika ajiye wa, na ɗauka da hannuna biyu na goya wa abokin gabana? Ko kuwa kin san halina sarai, kin san zan musanya, shi ya sa kika ba ni don ta isa gare shi? Gaya mini! Ba zan iya dirowa daga ƙofar jirgi da wannan tambaya a ciki ba, ta fi bindigata nauyi, ta fi jakar da ke ɗaure a ƙafata.

Sau biyu na gwada zare layar. Yatsun da suka taɓa cire agogo daga hannun mai gadi yana tsaye sun kasa maɓalli ɗaya. A karo na uku na kai hannu, yana gyangyaɗi, sai na tuna abin da na rubuta a ciki, na tuna yana da tsohuwa a Lwow da ba ta san inda yake ba. Na janye. Addu'a ce, ba ta san gashin baki ba. Allah ya tsare shi, ya dawo da shi da ƙafafunsa biyu da furensa a hannu, ki ce masa a'a a gabana.

Hazo ya fara yagewa, an ce mu miƙe. Direban motar shayi zai kawo miki wannan. In na dawo, na yi alkawari ba ni ba kwaɗo, ba ni ba alli, zan zauna in rubuta miki wata, in kwana bakwai a kanta. In kuma aka daɗe ba a ji ni ba, ki sani tun daga ƙofar jirgi har ƙasa, bayan sunan Allah naki ne a bakina, kuma babu wata bayanki, ko a nan ko a Kruszyniany ko a ƙasar gadoji.

Manjo Rudomina yana can yana cin burodi da cuku, bai san an haife ki ba, jaki ma bai taɓa mallaka ba balle doki. Na ari sunansa ne don na san in kin ga nawa za ki ce tsokana ce, ki ajiye. Sai ga shi ina rubutu ina jin haushinsa, ina tunanin ko kin yi murmushi da kika ga tauraro. Kin yi? Ai kin gane tun layin farko. Wane Manjo ne ke rubutu daga dama zuwa hagu?

Naki, mai laifi, mai kishi, wanda ba zai canza ba,
Bekir ɗan Jakub, soja marar igiya ko ɗaya