Ƙafar Teburin da Kika Gajarta

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa tun ina saurayi, uwar 'ya'yana, yau kuma kakar jikana,

Alhamdu lillahi! Tun da aka bugo waya cewa 'yarmu ta sauka lafiya, bakina ya ƙi rufuwa. Maƙwabta har sun gaji da labarina. Amma in na shigo gida, da wa zan yi dariyar? Wata biyu ke nan da tafiyarki, ɗaki ya yi mini faɗi kamar tafkin da ruwansa ya janye. Kofinki na nan a kife. Ina yi wa kujerarki magana, ba ta ramawa.

Da hannuna na rubuta wannan, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Ke kuma 'yar nan, in ke ce mai karanta wa uwarki, haɗiye dariyarki ki karanta duka.

Jiya a ajin yamma da nake zuwa koyon karatu, malam ya kawo mana wata kalmar Faransanci, wai “fam fatal”: mace kyakkyawa mai haɗari, wadda kallonta ke jefa namiji a rami. Ya ce harsuna da yawa ba su fassara ta ba, ɗauka suka yi yadda take. Tsohon direban da ke zama kusa da ni ya rantse ya auri irinsu biyu. Aji ya kwashe da dariya. Ni kam guda ɗaya na sani, ita ce kuma ta hana ni jin daɗin abinci.

Kin tuna ranar da kika wuce ta ƙofar shago ina yankan ƙafar tebur? Kika waiwayo sau ɗaya, kamar walƙiya da rana tsaka! Zarto ya bar layi. Maigidana ya zage ni tas, mai tebur ya ce ba ya so. Teburin ne muke cin abinci a kai shekara arba'in da ɗaya, da kwali a ƙarƙashin ƙafarsa. In wannan ba haɗari ba ne, mene ne?

Yanzu an ce kin yi sabon ango marar haƙori, za ki zauna can har ya fara tafiya. Haba, tauraruwata! Shi yana da uwa. Ni wa gare ni?

Na haɗa masa gado. Na auna, na sake aunawa, ƙafafu huɗu duk daidai. Ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba, ban kuma taɓa jin haushin aiki haka ba. Babu mai wucewa ta ƙofa.

Ki dawo ki ɓata mini awo.

Naki ni kaɗai, har ranar da ni ma za a auna ni,
Tsohon kafintanki